Noman kayan lambu ba tare da guba ba a ƙaramin wuri

Wannan wata hanyar noma ce da mutum ke shuka su tumatir, latas, barkono, karas, wake da makamantansu a ɗan wurin da yake da shi, ko baranda ce, ko saman rufi, ko ɗan lungu a bayan gida, ba takin zamani ba feshin maganin ƙwari, kuma da gangan yake barin ƙudan zuma da tsuntsaye da kwaɗi su samu wurin zama a ciki. Turawa na ce masa noman oganik. Wani Bature ɗan Ingila, Albert Howard, yana cikin waɗanda suka fara tsara shi a ilimance, a Indore ta ƙasar Indiya ya gyara hanyar haɗa takin da ya bayyana a 1931, sannan a 1972 aka kafa ƙungiyar IFOAM a Faransa domin haɗa kan masu irin wannan noma. Babban misalin da ake yawan kawowa shi ne Kuba, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 taki da mai da maganin feshi suka yanke musu, sai mutanen Habana, babban birnin ƙasar, suka koma shuka a kwamin da aka ɗaga a tsakiyar gari da ruɓaɓɓen taki kawai.

Komai daga ƙasa yake farawa. A tukunya ko bokiti ko buhu saiwa ba ta da inda za ta je neman abinci, abin da ka zuba mata shi ke nan, shi ya sa taki ya fi komai muhimmanci. Ana haɗa shi da ɓawon kayan miya da ɗanyar ciyawa a gefe guda, busasshen ganye da yagaggen kwali a ɗaya gefen, busasshen ya ɗan fi yawa, a jiƙa shi daidai yadda in ka matse a hannu ruwa ba zai zuba ba, a riƙa juyawa don iska ta shiga. Tulin da ya kama aiki zafinsa kan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyos, in ka tura hannu ciki sai ka ji kamar an dafa, kuma wannan zafin ne ke kashe 'ya'yan ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. In yana wari to ruwa ya yi yawa ko iska ba ta shiga. Nama da mai kam ba a sa su, ɓeraye suke jawowa.

Girman mazubi ya danganta da shuka, latas zurfin santimita 15 ya ishe shi, tumatir kuwa yana son bokitin lita 20 da rana ta awa shida zuwa takwas, kuma dole a huda ƙasan mazubin. Wake da kokwamba a ba su igiya ko raga su hau sama, ƙasa ta rage wa wasu.

Inda mutane suka fi kasa haƙuri shi ne maganar ƙwari, kuma a ganina nan ne ainihin wannan noma yake. Ka ɗaga ganyen barkono ka ga darɓa ta yi baƙi a ƙarƙashi, abin da zai fara zuwa maka a rai ai feshi ne, amma in ka duba da kyau bayan 'yan kwanaki sai ka ga wasu ƙananan ƙwayaye ruwan ɗorawa a jere a tsaye, na wata 'yar jar buzuzuwa ce mai ɗigo-ɗigon baƙi, ita kaɗai tana iya cinye darɓa kusan 50 a rana, tsutsarta ma haka take ci ba ji ba gani. Feshi ba ya tantancewa, yana kashe mai cin da wadda ake ci, kuma darɓa ta fi saurin hayayyafa don ko namiji ba ta buƙata, sai ta dawo ta tarar ba mai hana ta. Don haka ake farawa da murje ta da yatsa ko a watsa mata ruwa da ƙarfi. Ko ruwan darbejiya da na sabulu, duk da na halitta ne, da yamma ake sa su bayan ƙudan zuma sun tafi, a kan ganyen da ya kamu kaɗai.

Ƙudan zuma kuwa ba ado ba ne a lambu. Kabewa da kokwamba furen namiji daban na mace daban, in ba ƙwaron da ya ɗauko garin fure daga wannan ya kai wancan sai ka ga ɗan 'ya'yan ya fito kamar yatsa ya yi rawaya ya faɗi. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce kusan kashi 75 cikin ɗari na nau'o'in amfanin gona suna dogara da masu wannan aiki ko da kaɗan ne, kuma saboda su ne Tarayyar Turai a 2018 ta hana amfani da magungunan kashe ƙwari uku na dangin neonikotinoyid a fili. Akwai nau'in ƙudan zuma sama da 20,000 a duniya, yawancinsu ba sa yin zuma ba sa zaman taro, a ramin ƙasa ko busasshen kara suke ajiye 'ya'yansu, to ɗaurin kara guda a rataye a bango ya zama gida. A bar albasa ɗaya ko karas ɗaya ya yi fure, furannin ne za su kira ƙudan zuman.

Sai ruwa, faranti mara zurfi da tsakuwa a ciki don ƙwaro ya samu wurin sauka kar ya nutse, tsuntsu ma zai zo ya sha ya tsinci tsutsa a kan kabeji, kwaɗo ya fito da dare ya bi ƙwari da ƙananan dodon koɗi. Amma fa a riƙa zubar da ruwan ana sake sabo duk bayan kwana biyu ko uku, tunda sauro cikin kamar mako guda yake gama girma a ruwan da ya kwanta.