Feng shui: daga zaɓen wurin kabari zuwa "kusurwar arziki"

Wanda duk ya taɓa zuwa Guangzhou saro kaya ya san abin da nake nufi, shago ɗan mitsitsi amma ga tankin kifi a bakin ƙofa, ga wani kwaɗo na ƙarfe da kwabo a bakinsa an juyar da shi yana kallon cikin shagon wai kuɗi yake shigo dasu. Haka ake tallan feng shui yanzu, wato al'adar mutanen China ta zaɓen wuri da tsara shi dan jawo sa'a. Amma asalinsa fa ba harkar ciniki bace, harkar binne mamata ce.

Feng iska, shui ruwa. Sunan ya samo asali daga wani tsohon littafi kan jana'iza da ake jingina wa wani masanin China, Guo Pu, wanda ya mutu a 324, a ciki aka ce akwai wani ƙarfi da suke kira chi, iska tana watsa shi ruwa kuma yana tsayar da shi. Sai mutane suka dinga neman inda dutse ya tare baya ruwa na gudana ta gaba su binne iyayensu, a imaninsu in kakanni suka kwanta a wuri mai kyau to jikoki zasu samu muƙami da dukiya. Daga kabari abin ya koma gidaje da garuruwa, har aka samu masu yawo da kamfas ɗinsu da ake kira luopan.

Ni dai na san arziki na Allah ne, babu kujerar da zaka juya ta ƙara maka kwabo, amma akwai wani ɓangare da ya burge ni wallahi. Dubi fadar sarakuna ta Beijin da aka gama a 1420, gabanta kudu, bayanta wani tudu ne da mutane suka tara da ƙasar da aka haƙo daga ganuwar ruwan fadar. A can iskar hunturu daga arewa take kaɗowa, rana kuma ta kudu take shigowa ɗaki, kaga wannan ai sanin ƙasa ne na mutanen da suka daɗe suna lura.

Da 'yan kwaminis suka karɓi mulkin China a 1949 sai aka ce camfi ne, lokacin juyin al'adu daga 1966 ma masu yi ɓuya suka yi. A Hong Kong da Taiwan da Singapo abin ya rayu, kuma a nan ya haɗu da manyan kuɗi. A Hong Kong, ginin bankin HSBC na 1985 sai da aka saurari masanan kafin a daidaita matakalarsa mai tafiya da kanta, da aka buɗe dogon ginin Bank of China a 1990 kuma mutane suka ce kusurwoyinsa kamar wuƙa suke suna yankan maƙwabta.

Wancan zancen na "kusurwar arziki", wai ka tsaya a ƙofa can lungun hagu shine na kuɗi ka ajiye tukunyar fulawa, wani malamin feng shui mai suna Lin Yun ne ya yaɗa shi a Amurka wajen 1986, babu ruwansa da kamfas balle dutse ko kogi, shi yasa ya karɓu a ofisoshi. Kuma abin da ke ɓata min rai shine yadda mayaudara suka shigo, ko a Hong Kong ɗin a 2013 sai da kotu ta ɗaure Tony Chan shekara 12, mai duban feng shui ne da ya ƙirƙiri wasiyyar bogi dan ya gaje dukiyar attajira Nina Wang.