Daga gonar Ayowa zuwa tekun Luwiziyana: yadda lissafin gurɓatar ruwa yake isa hannun masu kula da gaɓar teku

Ta yaya taki, wanda yake raya gona, yake zama gurɓata?

Sinadarai biyu ne tushen maganar, wato naitirojin da fosfuros, waɗanda su ne haruffan N da P da manomi yake gani a jikin buhun takin zamani. Abin da shuka ba ta sha ba, ruwan sama yana wanke shi zuwa rafi, rafi ya miƙa wa kogi, kogi ya juye a teku, tare da kashin dabbobi da ruwan ƙazantar birane. A can sai gansakuka ta samu abinci ta yi yawa fiye da kima, kuma idan ta mutu ta nutse, ƙwayoyin da suke ruɓar da ita su shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan ƙasa. Da zarar iskar ta gaza miligiram 2 a kowace lita, kifi ya gudu, abin da ba ya iya gudu kuma ya mutu.

A ina aka fi ganin wannan?

A Mashigin Tekun Meziko, inda Kogin Misisipi yake zuba. Kogin yana kwashe ruwan kusan kashi 41 cikin ɗari na babban yankin ƙasar Amurka, daga jihohi 31 da larduna biyu na Kanada. Tun 1985 ake auna mataccen yankin da ke bayyana kowace bazara a gaɓar jihar Luwiziyana, kuma a 2017 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 22,700, mafi girma da aka taɓa gani. Burin hukumomi shi ne a rage matsakaicinsa zuwa murabba'in kilomita 5,000 kafin 2035.

Mene ne amfanin samfurin lissafi, wato tsarin kwamfuta mai ƙiyasta gurɓata, tun da ana iya ɗibar ruwa a auna?

Awo yana gaya maka abin da ya wuce ta gabanka, amma ba ya gaya maka daga ina ya fito, kuma babu hukumar da za ta iya kafa tashar awo a kan kowane ƙorama. Saboda haka masana a hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, suka ƙirƙiro samfurin SPARROW a shekarun 1990. Yana ɗaukar awon tashoshin da ake da su, ya haɗa shi da bayanan taki da dabbobi da ƙasa da ruwan sama, sannan ya ƙiyasta nauyin sinadarin da kowane guntun rafi yake ɗauka, har waɗanda ba a taɓa aunawa ba.

Babbar fa'idarsa ita ce yana lissafa abin da yake ɓacewa a hanya. Naitirojin da ya shiga ƙaramin rafi mai tafiyar hawainiya, ko ya kwana a madatsar ruwa, wani ɓangarensa ba ya kaiwa teku, alhali wanda ya faɗa kai tsaye cikin babban kogi kusan duk yana isa. Don haka gona mai nisa da ke bakin babban kogi tana iya cutar da teku fiye da ta kusa. Wani nazarin USGS na 2008 ya nuna cewa jihohi tara, ciki har da Ilinoyi da Ayowa da Indiyana, su ne suke aika fiye da kashi 75 cikin ɗari na sinadaran biyu, kuma gonakin masara da waken soya su ne tushen kusan rabin naitirojin ɗin.

To, me ya hana jami'in gaɓar teku amfani da wannan sakamako tun farko?

Yana cikin mujallun masana da manyan jadawalai, waɗanda sai mai ilimin taswirar kwamfuta yake iya buɗewa. Jami'in da yake kula da masunta da wuraren kamun jatan lande kuwa tambayarsa gajera ce: daga wane kogi matsalata take zuwa, kuma idan aka rage taki a can, nawa zai ragu a nan? A ganina wannan giɓi ya fi ƙarancin ilimin kansa illa, domin wanda abin ya shafa yana bakin teku, wanda zai iya gyarawa yana can nesa a wata jiha, kuma ba abin da zai zaunar da su wuri ɗaya sai alƙaluman da dukansu suka fahimta.

Wane mataki aka ɗauka?

A 2011 USGS ta ɗora wata manhajar taimaka wa masu yanke shawara a intanet, inda mutum zai zaɓi bakin kogi, ya ga yankunan da suka fi aiko masa da gurɓata, ya kuma gwada rage wani tushe ya ga sakamakon. Daga baya aka fitar da taswirorin intanet na yanki-yanki bisa bayanan shekarar 2012. A Mashigin Casapik da ke gabashin Amurka, inda aka ƙayyade wa jihohi shida da birnin Washintan iyakar gurɓata a watan Disambar 2010, jami'an ƙananan hukumomi suna amfani da manhajar CAST wajen kwatanta matakai da kuɗin da kowanne zai ci.

Akwai haɗari a sauƙaƙa abin har haka?

Akwai. Taswira mai launi tana sa ƙiyasi ya yi kama da awo, kuma lissafin da yake daidai a kan babban kogi yana iya kuskure sosai a kan ƙaramin rafi, don haka bai dace a kama manomi guda da laifi bisa gare shi ba. Sakamakon kuma matsakaici ne na shekaru, ba labarin daminar bana ba. Sannan akwai jinkiri: naitirojin da ya nutse cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa yana iya shafe shekaru goma ko fiye kafin ya fito a rafi, saboda haka jami'in da ba a yi wa wannan bayani ba zai zaci matakin da aka ɗauka ya gaza. Manhajar da ta dace ita ce wadda take nuna shekarar bayananta da iyakar kuskurenta a gefen kowane adadi, a wurin da jami'i zai gan su kafin ya sa hannu a kasafin kuɗi.