"Adashin gata": adashi ne ko asusu?

Tun da tsofaffin 'yan sanda suka yi zanga-zanga a Abuja a 2025 suna neman a fitar da su daga tsarin fansho na tarayya, sunan da ake kiran tsarin da Hausa, wato "adashin gata" ya zama ruwan dare a rediyo. Mai karanta labarai zai ce 'yan sanda sun ƙi adashin gata, can kuma ya ce Jigawa ta biya 'yan fansho a ƙarƙashin adashin gata, sai ka ɗauka tukunya ɗaya ake magana. Duk wanda ya taɓa zubi ko sau ɗaya ya kamata kunnensa ya yi ƙaiƙayi.

A unguwarmu mata goma ne ke adashi, zubin Juma'a. Uwar adashi tana da wani littafin makaranta da maiƙon ƙosai ya gama da shi, a ciki take jan layi gaban sunan duk wadda ta kawo. Da la'asar yara su bi gida-gida su karɓo, kafin magariba mai kwasa ta ƙulle kuɗin a bakin zani. Kuɗin adashi ba ya kwana a hannun uwa. Abin da Inna take kwasa ranar da layi ya zo kanta, zubin sauran matan ne na wannan ranar. Nata na makonnin baya wasu sun daɗe da sayen kwanuka da shi. Shi ya sa ranar da mata uku suka tashi daga unguwar bayan sun kwasa, wadda ke ƙarshen layi ce ta yi kuka, alhali ba ta taɓa fashin zubi ba.

Asusu kuwa na laka ne, mai 'yar tsaga a ka. Kai kaɗai kake jefawa, ranar da ka fasa abin da ka jefa za ka tsinta.

To, tsarin da dokar fansho ta 2004 ta kawo a zamanin Obasanjo, aka yi masa kwaskwarima a 2014, asusu ne. Ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, wanda yake yi wa aiki ya ɗora kashi 10, a zuba a asusu mai sunansa a hannun kamfanin kula da fansho, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, na sa ido. Kamfanin ya juya kuɗin, mafi yawa ta hanyar ba gwamnati bashi. Ranar ritaya a ba shi wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa gutsura masa wata-wata. Wanda ya yi shekara 35 yana karɓar ƙaramin albashi, ƙaramin asusu zai fasa, kuma tsadar rayuwa ta riga ta cinye masa rabin ƙarfinsa tun yana rufe. Kukan 'yan sanda ke nan, balle suna kallon sojoji, waɗanda aka fitar daga tsarin tun 2011. Na Jigawa ya fi kusa da sunan: tukunya ɗaya ake zubawa, fanshonka kuma ana lissafa shi ne da albashinka da shekarun aikinka.

Adashi na ainihi shi ne tsohon tsarin, wanda masu aiki a yau ke biyan waɗanda suka ajiye aiki, su ma su jira na bayansu. Faransa har yanzu haka take yi, kuma can ne ake ganin abin da ke faruwa idan masu kwasa suka ƙaru, masu zubi suka ragu. A wajajen 1960 ma'aikata huɗu ne ke ɗauke da ɗan fansho ɗaya. Yanzu ba su kai biyu ba. Haihuwa ta yi ƙasa, tsofaffi kuma suna daɗewa. Uwar adashi a irin wannan hali zaɓinta uku ne: ta ƙara zubi, ta rage kwasa, ko ta ce kowa ya ƙara jira. Shugaban Faransa Macron ya ɗauki na uku a 2023, ya ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, aka yi watanni ana zanga-zanga, shara ta taru a titunan Paris. Japan ta ma wuce nan. Kusan mutum uku cikin goma sun kai 65, kuma fansho ba ya yi wa mutum wanka ko ya juya shi a kan gado. Sai suka buɗe wani zubin daban a shekarar 2000, inshorar jinyar tsofaffi, wadda kowa ke fara biya da ya cika shekara 40.

Mu tamu matsalar ta sha bamban. Matasa sun cika ƙasa, amma kaɗan ne ke cikin littafin uwar adashi. Masu asusun fansho sun ɗan haura miliyan 10 ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Manomi da ɗan tireda da mai ƙosai, adashinsu 'ya'yansu ne, kuma jinya tana faɗawa ne a kan 'yar da ta fi kusa ko matar babban ɗa, ba tare da kowa ya ja mata layi a littafi ba.

Saura rabin kalmar, wanda ya fi ba ni haushi. A rubuce "gata" biyu gare mu, furuci ne kawai ya raba su. Akwai gata ta lissafin kwanaki: gobe, jibi, gata, citta. Akwai kuma gata na ɗan gata, wanda ke da mai tsaya masa. Da ta farko ake nufi, da na ce sunan ya yi daɗi, zubin yau don wata rana can gaba. Amma ji yadda 'yan siyasa ke furta ta a bakin makirufo, gatan alfarma suke nufi. "Mai girma gwamna ya yi wa 'yan fansho gata." A tara dattawa a filin taro tun hantsi, wasu da sanda, wasu jikoki sun riƙo su, a miƙa wa mutum biyu takardar ceki ƙatuwa kamar allon talla, a ɗauki hoto, a yi addu'a. Kuɗin nan fa daga albashinsu aka yanka, wata bayan wata, ba a taɓa tambayar su ba. Wani ma shekara biyar ke nan yana jiran garatutinsa.

Uwar adashin unguwarmu ba ta taɓa sa an yi mata guɗa don ta miƙa wa Inna kwasarta ba. Ƙirgawa take yi sau biyu a kan tabarma, ta cire ɗan abin da aka saba ba ta na wahala, ta ce, "Hajiya, ki ƙirga a gabana."