Kashne a haɓa: magana da masu shiga mota tsakanin Garwa da Marwa

Jama'a, salamu alaikum. Maganar sa kashne, wato takunkumin rufe hanci da baki, a cikin mota saboda cutar korona, mu ma'aikatan lafiya mun yi ta a masallaci, mun yi ta a bakin tasha har murya ta dishe. Abin da ya sa muka sake ɗauko ta shi ne irin marasa lafiyar da aka riƙa kawo mana lokacin annobar. Dattijo ne mai ciwon suga ko hawan jini, numfashi sama-sama. A tambayi iyalinsa ina ya je, su ce wallahi ko zaure bai wuce ba. Sai an matsa da tambaya a ji ashe ɗansa ne ya je sari Marwa ranar Litinin, ko uwargida ce ta je biki Gidar, bayan kwana 5 ta fara 'yar mura. Murar ta wuce a jikin mai ƙarfi, ta kwantar da tsoho.

In ka tambayi wanda ya yi tafiyar ko ya sa takunkumi, sai ya ce: "Na sa mana, ai ba a wuce shinge babu shi." To, nan gizo ke saƙar.

Kowa ya san yadda aka riƙa yi lokacin da dokar takunkumi ke aiki. Mota ta tashi daga Garwa da sassafe, kashnen kowa yana haɓa, na wani yana lilo a kunne guda, na wani yana aljihu tare da goro da canji. Ana hira, ana musun ƙwallo, Alhaji yana waya da ƙarfi kamar wanda ke kiran mutum daga ƙetaren Binuwai. Da direba ya hango shinge, yaron mota ya bubbuga ƙofa: "Kashne, kashne!" Kafin ƙiftawar ido mota ta koma kamar ɗakin tiyata. Jandarma ya leƙo, ya duba katin shaida, ya ɗaga hannu. Ba a yi nisan jifa ba kowa ya sake ja ƙasa, har da ajiyar zuciya.

Ku yi lissafi da kanku. Garwa zuwa Marwa ya haura kilomita 200. Da jiran mota ta cika, da tsaye-tsaye, mutum yakan yi awa 4 a kujera. Ko da shinge 5 aka tarar, kowanne minti 3, kwata guda ke nan aka rufe hanci. Sauran awa 3 da minti 45 fa? Wa kuka yi wa wayo? Jandarma yana tsaye a fili, iska na kaɗa shi, shi ne ma mafi aminci a cikinku. Wanda ake gudun numfashinsa yana nan kafaɗa da kafaɗa da kai.

Lokacin annobar an samu masu cewa ai gwamnatin Kamaru ta ɗage dokar takunkumi. A gyara wannan. Ranar 6 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Yawunde. Ranar 17 ga watan firaminista Joseph Dion Ngute ya sanar da matakai 13, cikinsu har da hana lodin da ya wuce ƙima a bas da tasi da babur. Daga 13 ga Afrilu sa takunkumi ya zama tilas a wuraren jama'a. Abin da aka sassauta a harkar mota ranar 30 ga Afrilu shi ne rage yawan fasinja da aka yi, aka bar mota ta cika kujerunta don direbobi su ci abinci. A lokacin takunkumi bai tashi ba, hana cushe bai tashi ba. Hasali ma, tunda kujerar da ke tsakaninka da maƙwabci ta cika, babu abin da ya rage tsakanin bakinsa da hancinka sai wannan ɗan ƙyallen da ka mayar abin wuya.

Mu a wajen aiki, duk wanda ya zauna ƙasa da mita 1 kusa da mai cutar na minti 15, mun riƙa rubuta sunansa cikin waɗanda za a bi sawu. A cikin Hiace ko Coaster wa ke da mita 1? Kuma mutum yana iya yaɗa ta kwana 1 ko 2 kafin shi kansa ya ji wani abu a jikinsa. Don haka na'urar auna zafin nan da aka riƙa ɗora muku a goshi a ƙofar ajans, wato tashar kamfanin mota, ba takardar wanke kowa ba ce. Mai ɗauke da ita yakan wuce da goshi mai sanyi, yana murmushi.

Mun san uzurin, kuma ba duka ne ƙarya ba. Da zafi, da gumi, da mutum ya ji kamar ana toshe masa numfashi. Sannu, da gaske akwai takura. Amma galibi abin da ke kawo wannan shi ne takunkumin ya jiƙe. Ƙyalle in ya sha gumi da tururin baki sai ya manne a hanci, iska ta ƙi wucewa, kuma aikin tacewarsa ya ragu. Maganinsa a canza, ba a sauke haɓa ba. Tafiyar yini guda, zuwa da dawowa, tana son 3: na safe, na dawowa, da na ko-ta-kwana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da dare a wanke su da sabulu, a tsoma a tafasasshen ruwa na minti 1, a shanya, a goge, a sa a leda mai tsabta. A riƙe wata ledar daban ta waɗanda aka cire.

Wanda tela zai ɗinka, a ce masa ninki 3, na cikin ya zama auduga mai shan gumi. Ka ɗaga shi ga rana: in kana hango haske tar ta cikinsa, kwalliya ce kawai. Shuɗin nan na kemis sau ɗaya ake sa shi. Ba a wanke shi, ba a juya bayansa a ce ya koma sabo. Gefen da ke da ɗan ƙarfe shi ne sama, a matse shi a karan hanci, a ja ƙasan ya rufe haɓa. Mai tabarau, in gilashinka yana yin hazo, iska ce ke fita ta sama, ƙara matsewa. Hajiya, bakin mayafi mai shara-shara da ake kamawa da hannu a gaban shinge ba takunkumi ba ne. Ki sa na gaske a ƙarƙashi, ki yafa mayafinki yadda kika saba. Masu rawani ma haka.

Sai masu rufe baki su bar hanci a waje. Ya ɗan'uwa, da me kake numfashi? Wannan da na haɓa duk kanwar ja ce.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne kashnen aro. Wasu yaran mota sun riƙa ajiye guda 4 ko 5 a gaban direba, sun yi baƙi da dauɗa. Fasinjan da bai zo da nasa ba a miƙa masa kafin shinge, a karɓe bayan an wuce, gobe a ba wani. Haba jama'a! Za ka karɓi asuwakin da wani ya tauna? An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wanda ya manta nasa ya saya a tasha kafin mota ta tashi, kuɗinsa bai kai na tsiren da za a ci a hanya ba.

Yanzu ga hunturu ya shigo, ga wata sabuwar. Sanyin asuba da ƙura sun sa kowa ya ja gilashi ya rufe ruf, uwa mai goyo tana cewa iska za ta kama yaro. Mota a rufe, mutum 18 suna shaƙar numfashin juna, kashne a haɓa: ba a taɓa yi wa cuta shimfiɗa mai laushi kamar wannan ba. Ba mu ce a wangale duka ba. Taga ɗaya a gaba, ɗaya a baya ta ɗaya ɓangaren, kowacce faɗin tafin hannu, ya isa iska ta ratsa ta fita. A sa rigar sanyi da hula, a lulluɓe jariri da tawul ban da fuskarsa, a zaunar da mai goyo inda iskar ba ta bugawa kai tsaye. Ƙurar da ake gudu kuwa, takunkumin da kansa yana rage ta. Manyan motoci masu na'urar sanyi, direba ya saita ta ta riƙa jawo iskar waje, kada ta yi ta juya ta ciki. Masu tofar da yawun goro ta taga kuma ku sani: abin da ya fita ta tagar gaba, iska tana mayar da shi ta tagar baya, a fuskar bayin Allah.

Cin abinci a cikin mota shi ne ƙofar da ake bi a sauke takunkumi a manta da shi. An tsaya Pitowa ko Figil, 'yan talla sun kewaye tagogi da dafaffen ƙwai, gyaɗa, dabino, ruwan leda. Mutum ya sayi gyaɗa ya yi ta ɓarza har Marwa, awa guda baki a buɗe. In za ka ci, sauka ka ci a fili, ka ɗan ja gefe. Ƙishirwa ba a hana ta: ɗaga, kurɓa, mayar. Kowa da gorarsa, kofin randar tasha da ke yawo baki-baki a haƙura da shi. In an tsaya salla, a cire ta igiyar kunne, a sa a leda, kada a ajiye a kan dakalin alwala.

Malam direba, kai ne limamin motar. In naka yana haɓa, ba wanda zai sa nasa. Kuma kai ka fi kowa daɗewa a ciki, kullum da sababbin fuskoki, da dare ka koma wajen iyali. Kafin lodi da bayan sauke fasinja, a goge hannun ƙofa, ƙarfen kamawa, bayan kujeru da bakin taga. A fara da ruwan sabulu, don javel, wato ruwan bilic, ba ya aiki a kan dauɗa. A duba jikin kwalbar: in ƙarfinsa wajen kashi 2.5 cikin 100 ne, babban cokali 4 a gorar lita 1.5, a cika da ruwa. In kashi 5 ne, cokali 2. A bar shi ya yi aƙalla minti 1 kafin a share. Kullum a haɗa sabo, rana tana kashe ƙarfinsa. Kada a gauraya shi da wani maganin wanki, kada a fesa wa mutane a jiki, kuma don Allah a yi wa gorar alama babba, yara suna ɗauka ruwan sha ne. Takardar sunayen fasinja ma a cika ta da gaskiya. Fasinja ya ba da sunan ƙarya da lambar da ba ta shiga, ranar da aka samu mai cutar a motar, ta ina za mu same shi?

Sauran a gurguje:

- Mai zazzaɓi, tari, ko wanda ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano, ya fasa tafiyar. Annabi (SAW) ya hana fita daga garin da annoba ta sauka, balle kai da alamar ke jikinka.
- Yaro ɗan shekara 5 zuwa ƙasa ba a sa masa takunkumi. Daga 12 kamar babba yake.
- Bayan karɓar canji da tikiti, man goge hannu mai alkol aƙalla kashi 60, a murza har ya bushe.
- Tsoho mai suga ko hawan jini, in ba dole ba, a aiki yaro. In dole ne, kujerar bakin taga.
- A kan babur daga tasha zuwa gida ma a bar shi a fuska, mutum ɗaya a baya.

In kun iso gida, kada a zarce ɗakin Baba ko Inna da gaisuwa da tsaraba. A tsaya a bakin randa a wanke hannu da sabulu sosai, har tsakanin yatsu, a jiƙa kashne a ruwan sabulu, a canza riga, sannan a shiga, a gaisa daga ɗan nesa. Alamun sukan fito kwana 5 ko 6 bayan haɗuwa, wani lokaci har 14. Cikin kwanakin nan in jiki ya yi zafi ko numfashi ya yi nauyi, kada a ce zazzaɓin sauro ne a yi ta haɗiyar ƙwayoyin bakin hanya. A kira 1510, layin ma'aikatar lafiya, kyauta ne, ko a zo cibiyar lafiya mafi kusa. In za ku zo, ku faɗa mana ranar da kuka yi tafiya da motar da kuka shiga. Kuma ku shigo da shi a kan hanci, mu ma nan ba shinge ba ne.