Wai mene ne "rami a zuciya" da ake ta faɗa a rediyo?

Kwanan nan da wuya mako ya wuce ba ka ji sanarwar neman taimako a rediyo ba: yaro ɗan wata kaza, rami a zuciya, a taimaka fisabilillahi. A ƙauyenmu da ke gefen Ringim, gwoggona na jin haka ta dafe ƙirji, ta ce, "To ɗan nan, jinin ba ya tsiyayewa cikinsa?" Ban ga laifinta ba. Masu sanarwa ne suka ɗauki kalma guda suka lulluɓe larurori iri-iri da ita.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa, da katanga a tsakiya. Ramin a jikin katangar yake, ba a bangon waje ba. Kamar katangar da ta ɓule tsakaninka da maƙwabci ce: kaji su yi ta ratsawa, amma ba wadda ta fita titi. Jinin da ya sha iska a huhu sai ya riƙa ɓullawa ɗaya gefen ya sake komawa huhun, zuciya ta yi ta wahalar banza. Shi ya sa jariri ke haki da gumi a bakin nono, ya saki bai ƙoshi ba, a je awo a tarar bai ƙaru ba, ga limoniya a kai a kai.

Abin da ba a faɗa shi ne, kowa da ƙofa tsakanin ɗakunan sama aka haife shi, tunda ɗan cikin ciki ba ya numfashi da huhu. Takan rufe bayan haihuwa, amma kusan mutum 1 cikin 4 tasu ba ta rufe ruf, kuma ga su nan suna huɗa a gona lafiya lau. Ƙananan ramukan ɗakunan ƙasa ma da yawa kan toshe da kansu. Amma yaron da leɓensa ke yin shuɗi, yana cikin wasa sai ya tsuguna yana haki, wannan ba na jira ba ne, sau da yawa har da ƙuncin hanyar jini zuwa huhu, aiki yake buƙata.

Sai masu cewa uwar ce ta yi baƙin ciki da cikin, wai ai "ciwon zuciya" ne. Haba! Zuciyar ɗa tana haɗuwa a makonni 8 na farko, wata ma ba ta san ta samu ciki ba, kuma kusan jariri 1 cikin 100 ke zuwa da irin wannan matsala. Wane iri ne, hoton zuciya na eko ke nunawa, irin wanda ake yi a Asibitin Malam Aminu Kano.