Magungunan Asma a Lokacin Juna Biyu

Asma, wadda wasu ke kira fuka, ciwo ne da ke kumbura hanyoyin iska na huhu har su ƙuntace, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar fito. Idan mai asma ta samu ciki, kusan mace ɗaya cikin uku ciwonta kan tsananta, ɗaya ya lafa mata, ɗaya kuma ya tsaya yadda yake. Ya fi tashi wajen mako na 24 zuwa na 36.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ajiye magani da zarar awo ya nuna ciki, wai don kada ya taɓa jariri. Tsoron na uwa ne, ba abin zargi ba, amma ɗan da ke ciki ba shi da wata iska sai wadda jinin mahaifiyarsa ya kai masa. Asmar da aka bari ba kulawa tana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, da ƙarancin nauyin jariri, da hawan jinin masu ciki. Shi ya sa ƙungiyar GINA, wadda aka kafa a 1993 don tsara ƙa'idojin kula da asma a duniya, take cewa mai ciki ta ci gaba da maganinta.

Maganin shaƙa, wato inhela, huhu yake zuwa kai tsaye, kaɗan ne ke shiga jini. Salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin mai launin shuɗi, yana buɗe ƙirji cikin mintuna, kuma an daɗe ana ba masu ciki shi. Sai dai ba ya kashe kumburin da ke haddasa ciwon. Wannan aikin na inhelar kullum ne, irin su budesonide da beclomethasone. Budesonide ne aka fi bincika a jikin masu ciki. Wadda take kan formoterol ko salmeterol, magungunan buɗe ƙirji masu daɗewa suna aiki, haɗe da irin waɗannan, kuma yana yi mata aiki, galibi ba a canja mata. Ƙwayar prednisolone ta tashin ciwo mai tsanani ce, tana iya ɗaga sukari, amma likita kan ba da ita don rashin iska ya fi ta haɗari.

A Legas abubuwan da ke tayar da ciwon ba sa ƙarewa: hayaƙin janareta a bakin taga, na motoci a cunkoso, danshin damina da ke sa bango ya yi funfuna, ƙurar hunturu a Disamba da Janairu. A gidajen Hausawa na Agege, Idi-Araba da Obalende, sai a ƙara da turaren wuta, garwashin gawayi da maganin sauro na kunnawa, a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Wanda zai sayi inhela a kyamis ya duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewa.

Wajibi ne mace ta faɗa wa ma'aikatan awo cewa tana da asma, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) ne, ko na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) da ke Ikeja, ko ƙaramin asibitin unguwa. Labetalol da ake bayarwa don hawan jini, da carboprost na tsayar da zubar jini bayan haihuwa, suna iya shaƙe mai asma, haka ma aspirin da ibuprofen ga wasu matan. Ta tafi ɗakin haihuwa da inhelarta a jaka. Bayan ta sauka, magungunan shaƙa ba sa hana ta shayarwa.