Me ya sa bincike ke kwana a kabad? Tambayoyi kan hujja da manufofin gwamnati

Me ake nufi da gina manufa kan hujjar bincike?

Kafin gwamnati ta zuba kuɗi a wani shiri, ta fara duba abin da aka gwada, aka auna, aka ga ya yi aiki. Ba abin da mai girma gwamna ya jiyo a wurin ɗaurin aure ba.

Akwai inda aka yi haka aka ci riba?

Akwai, a ƙofar gidanmu ma. Kun san masu bin gida-gida da damina suna ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a ba yaro na farko a gabansu, a bar wa uwa na kwana biyu? Daga bincike abin ya fito. Gwaje-gwaje a Senegal da Mali da Burkina Faso sun nuna cewa ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin kowane wata da damina yana rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, aka fara a Katsina da wasu sassan Nijar a 2013. Amma fa don yankin Sahel aka tsara shi, inda cutar ke da lokacinta. Hujjar wani wuri ba lallai ta dace da wani ba.

To me ke hana sauran bincike shiga gwamnati?

Malamin jami'a ya rubuta shafi ɗari da Turancin da sai ɗan uwansa malami ke ganewa, ya fitar bayan an gama kasafin kuɗi. Babban sakatare kuwa shafi biyu yake so, yau. Ga siyasa: titi ana ƙaddamar da shi da kiɗa, horar da malaman firamare babu mai yanka kyalle.

Mece ce mafita?

A ganina, a zaunar da jami'an ma'aikata tun ranar zaɓen tambayar da za a bincika, kuma a ware kuɗin auna sakamako cikin shirin kansa. Haka Meziko ta yi da Progresa a 1997, shirin ba iyalai matalauta kuɗi bisa sharaɗin yara su je makaranta da asibiti. Aka fara da wasu ƙauyuka, aka jinkirta wasu, aka kwatanta. Da mulki ya koma hannun 'yan adawa a 2000, sabuwar gwamnati ba ta soke shi ba, sai dai ta sauya masa suna, ta faɗaɗa shi zuwa birane.